Malama Serah da Yarinyar Tsakiyar Benci

Direbobin bas da ke lodi a Masaka da sassafe sun san ta, kuma ba dukansu ne ke murnar ganinta ba. Ba wai tana da rigima ba ne, don Malama Serah Bartholomew ba ta iya ɗaga murya ba ko da an roƙe ta. Kayanta ne ke ba su haushi. Ga baƙar jaka a kafaɗa, ga lema, ga kuma wata 'yar kujerar katako irin ta tsakar gida da take rungume da ita. Kwandasta ya ce a jefa a but ɗin mota, ta ce a bar mata abarta. Haka za a shiga cunkoson Mararaba da Nyanya, kujera a cinyarta, fasinjan gefe yana hararar ƙafar katakon da ke zungurin gwiwarsa. A tashar ba wanda ya damu da sanin sunanta na gaskiya. Mama Kujera suke ce mata, tana kuma amsawa.

A ofishin ilimi ba ta daɗewa. Ta sa hannu, ta gaisa da na gaisawa, ta sake fita. Yau Lugbe, gobe Karshi, jibi wata firamare a bayan Gwagwalada wadda sai ɗan acaɓa ya yi ta tambaya kafin a same ta. In ta isa, ta gaida hedimasta a tsaitsaye, sai ta shiga zagaye makaranta tana neman inda ya fi shiru: gindin mangwaro, ko bayan ajin ƙarshe, ko ɗakin ajiya in akwai. Nan za ta dasa kujerar, ta buɗe jaka, a riƙa turo mata yara ɗaya bayan ɗaya har a tashi.

Aikinta auna yara ne. A jakar akwai wata 'yar na'ura mai batir da ke fitar da ƙara, wata siririya wata mai kauri, don gwada ji. Akwai allon haruffa na gwajin ido, da hotuna da 'yan kwalaye na gane yadda yaro ke fahimta. Abin da awon ya nuna shi ake bi wajen raba ɗan taimakon da ake da shi: wane yaro za a tura asibiti, wa za a nema wa na'urar ji, wa za a mayar layin gaba a aji, wa kuma malamar musamman za ta riƙa zuwa dominsa. Taimakon bai taɓa isar kowa ba. Saboda haka duk yaron da awo ya tsallake, an tsallake shi ke nan, sai dai wani ikon Allah.

A ƙarshen wannan zangon karatu Malama Serah za ta yi ritaya, bayan shekara talatin da 'yan kai. Za a yi ɗan taro a ofis, a sha lemo, a ba ta agogon bango kamar yadda aka ba na gabanta. Ba za a sa a labarai ba. Shi ya sa aka ga ya dace a faɗi abin da aka gani a kanta tun tana iya karantawa da idonta.

Malam Aminullahi, wanda ya fi kowa daɗewa yana fita aiki da ita, ya ce ƙa'idarta ɗaya ce tun farko: ba ta yarda da awo sai ta auna shi awon kansa. Takan ce ma'auni yana ƙarya iri biyu, ko ya ce mai lafiya ba shi da lafiya, ko ya ce mara lafiya lafiyarsa ƙalau. Irin ta farko sun gamu da ita a wata makaranta a Lugbe. Ayarin da ya riga su zuwa ya kawo rahoton cewa kusan rabin aji ba sa ji sosai, har ofis ya fara tunanin ko ruwan unguwar ne. Da Serah ta je ba ta taɓa kunnen kowa ba, sai ta zauna tana saurare. Jirgi na wucewa ta sama a kai a kai, ga injin niƙa a bayan katanga yana ta ruri. Ta tashi ƙafa da ƙafa ta je ta roƙi mai injin ya ɗan kashe. Jirgi kuwa ba ya roƙuwa, sai ta riƙa dakatawa duk lokacin da ya taho. Aminullahi ya ce: "Ranar mun sha zaman jiran jirgi sai ka ce masu tafiya Umara." Da yamma ta yi, yaran da suka rage a cikin masu matsala ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wannan ƙaryar mai sauƙi ce, tana da masu kai ƙara. Uban da aka ce wa ɗansa kurma ne alhali yana ji, zai zo ofis da kansa ya yi musu ta-tas. Ɗaya ƙaryar ce ba mai kawo kukanta, don kowa ya karɓi labari mai daɗi ya tafi gida. Ita ce ta same su a Tungan Maje a shekarar 2012, lokacin Malama Serah ba ta fara yawo da kujera ba.

A wancan lokacin makarantun gefen gari sun cika sun batse. Mutane na ta kwararowa daga unguwannin da aka rushe a cikin birni, bencin da aka yi don yara uku sai ka ga an jera bakwai, kafaɗa na gugar kafaɗa. Masu awo kuwa ba su fi a ƙirga ba. Sai aka samo dabara, wadda ba wanda zai ce shi ya ƙirƙiro ta, yawan yara ne ya haife ta. A auna benci guda a lokaci ɗaya. Yara su rufe ido, mai awo ya tsaya a bayansu ya danna na'ura, wanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. An rufe ido, saboda haka ba mai kwaikwayon wani. Dabarar ta yi wa kowa daɗi, har da Serah, don a yini ɗaya sai a gama makaranta sukutum. Sakamako ma ya yi kyau: a makarantun benci da wuya a samu yaro mai matsalar ji. A ofis har ana cewa yaran ƙauye sun fi na birni lafiyar kunne.

Bayan 'yan watanni ita da Aminullahi suka koma wata firamare a Tungan Maje don gwajin ido. Suna cikin kafa allo sai wata mata da ke zaune a bakin baranda ta taso ta gaishe su. Sunanta Zulai, ta zo ganin hedimasta ne.

"Malama, ku ne kuka auna kunnen yara kwanakin baya?"

"Mu ne, Hajiya."

"To madalla. Kun raba mana gardama."

Yadda ta faɗi maganar ba godiya a cikinta. Serah ta ajiye allon ta ce ta zauna su yi magana. Zulai ta ce yarinyarta, Sumayya, tana aji uku. Tun wani zazzaɓi mai zafi da ta yi tana 'yar shekara shida ta canja. A kira ta ba ta amsawa, a aike ta gishiri ta kawo ashana. Uwar ta ce kunne ne. Uban, Alhaji Datti, ɗan Katsina mai sayar da kayan marmari a kasuwar Zuba, ya ce ba wani kunne, raini ne. Hujjarsa ita ce yarinyar tana magana garau, in aka buga ƙofa tana juyowa, in ya daka mata tsawa tana ji. Wato sai abin da ta ga dama take ji. Suna cikin wannan ja-in-ja sai ga takardar makaranta ta ce an auna, kunnenta lafiya lau.

"Ya ce, kin ji ko, har gwamnati ta shaida," in ji Zulai. "Daga ranar, in ya kira ba ta amsa ba, bulala ce. Yanzu ya ce ranar Asabar zai kai ta wurin yayarsa a ƙauye ta koyo ladabi. Can kuwa ba makaranta. Na zo in gaya wa hedimasta ne a cire sunanta."

Serah ba ta ce an yi kuskure ba, don ba ta sani ba tukuna. Ta sa aka kwaso bencin su Sumayya da yaransa yadda suke zama kullum. Ta miƙa wa Aminullahi na'urar ya tsaya a baya, ita kuwa ta koma gefe inda mai awo bai saba tsayawa ba. Yara suka rufe ido. Ya danna, hannaye bakwai suka tashi. Ya sake, suka sake tashi. Daga baya ba abin da za ka gani sai lafiya. Daga gefe ne Serah ta lura hannun yarinyar da ke tsakiya kullum shi ne na ƙarshe, da ɗan kaɗan, kuma ba ya tashi sai kafaɗar maƙwabciyarta ta motsa.

Ba kujerar kirki ko ɗaya a ajin. Ta malami ma ƙafa uku gare ta, da bango ake tokare ta. Serah ta fita bakin ƙofar makaranta ta aro 'yar kujerar mai awara, ta kai ta gindin bishiya, ta zaunar da Sumayya ita kaɗai. Yarinyar ta rufe ido. Aminullahi ya danna, shiru. Ya ƙara ƙarfin ƙarar, shiru. Abin da ya ce ba zai manta ba shi ne yadda yarinyar ta riƙa karkatar da kafaɗarta, dama da hagu, tana laluben ta kusa da ita. Sai da ya kai na'urar kusan ƙarshenta sannan hannun ya tashi, shi ma da shakka.

Serah ta durƙusa a gabanta yadda za ta ga bakinta, ta yi magana a hankali.

"Sumayya, a benci yaya kike sanin lokacin ɗaga hannu?"

"In Mashkura ta kusa da ni ta motsa, Anti."

"Ba ƙara kike ji ba?"

Yarinyar ta dube ta da mamaki. "Na ɗauka kowa haka yake yi."

Ba yaudara ta yi ba. Shekara uku ke nan tana rayuwa da ido da kafaɗa. In aji na amshi, ta kalli bakin malami ta bi sahu, muryarta ma ta fi ta kowa. Ta ƙware har ta ci jarrabawar da ya kamata ta faɗi, faɗuwar da ita ce za ta cece ta.

Ke ce, Serah, kika tuhumi ma'aunin da ke hannunki kafin ki tuhumi 'yar mutane. Da kin ce wa Zulai ta yi haƙuri, takarda ta riga ta fita, ba wanda zai ga laifinki, don haka aka saba. Kin zo auna ido ne ranar, kunne ba ya cikin aikin da aka turo ki.

Washegari ta shiga wurin oganta. Mutum ne mai kirki, ya kuma saurare ta har ƙarshe.

"Madam Serah, na ji ki. Amma rizol ɗin awon ya fita, an sa hannu, an tura sama. Ba zan iya canja shi da baki ba. Kawo takardar asibiti, no wahala, ranar zan sa ta a layin masu jiran na'ura."

"Oga, asibiti ba za su taɓa ta ba sai uban ya yarda."

"To ki nemo uban. Sannan ki gaya mini, in muka koma ɗaya ɗaya, makarantu nawa ne ba za mu taka ba sam a shekara? Su waɗancan yaran fa?"

Gaskiyarsa ce. Ta ce za ta fara da uban.

Ta same shi a rumfarsa a kasuwar Zuba, tsakanin tsibin kankana da kwandunan lemo, yana sallamar wata mata. Alhaji Datti dogo ne, mai tsabta, irin mutanen da in sun yanke magana ba sa son a sake taso ta. Ya ba ta wuri, ya sa aka yanko mata abarba, ya ji abin da ya kawo ta. Sannan ya girgiza kai.

"Malama, ku kuka auna kuka ce lafiya. Yau kuma kin zo kin ce ba lafiya. Gobe wani zai zo ya ce me? Ni na haife ta, na san halinta. Kunnen uwar shegu take yi da mutane."

"Alhaji, awon da muka yi bai auna ta ba. Bencin ya auna."

"Wannan turancinku ne."

Matar da ke ciniki ta ce a zaɓar mata mai zaƙi. Ya ɗago kankana ɗaya a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya mayar. Ya ɗago wata. Serah na kallo, sai ta tambaye shi me ya sa yake wahalar ɗagawa, ba ya ƙwanƙwasa su a inda suke.

"A cikin tsibi? Ai ƙarar 'yan'uwanta za ki ji, ba tata ba."

Yana rufe baki ya gane inda aka kai shi, don ba wawa ba ne. Ya ɓata rai.

"Malama, 'yata ba kankana ba ce."

"Ko kusa, Alhaji. Shi ya sa nake roƙon a yi mata ko da adalcin da kake yi wa kankana."

Ya sallami mai ciniki, ya daɗe yana gyara kwandon da ba ya buƙatar gyara. Daga ƙarshe ya ce asibiti kam ba zai je ba, tafiya kuma tana nan. Amma in tana so ta zo gida gobe Juma'a bayan la'asar, ta ga rainin da idonta, don ta daina wahalar da kanta.

Ta je. Ba ta ɗauki na'ura ba, don ta san ya gama yarda da na'ura. A bakin ɗaki ga jakar kayan Sumayya an ɗaure. Yarinyar na zaune a tabarma a tsakar gida tana tsintar wake, idanunta sun kumbura. Zulai ta ce tun da aka sa ranar tafiya ba ta cin abincin kirki, rigar makarantarta ma ta ɓoye a ƙarƙashin katifa don kada a ba ƙanwarta.

Ko a nan Serah ba ta bar halinta ba. Ta dubi inda rana take, ta nuna wa Alhaji inda zai tsaya don kada inuwarsa ta faɗa gaban yarinyar. Ta roƙi Zulai ta shige kicin da ƙananan yara, don Sumayya na karanta fuskar uwarta. Ita ma ta koma baya ta jingina da bango. Alhaji ya bi duk abin da aka ce yana murmushin wanda ya san ƙarshen zance.

"Sumayya," ya kira da muryarsa ta kullum.

Hannunta bai tsaya ba.

"Sumayya." Ya juyo wurin Serah. "Kin gani? Haka take yi."

"Alhaji, in raini ne, kiran suna ba zai juyo da ita ba. Gaya mata abin da ko mai raini ba zai iya daurewa ba. Ka fi ni saninta."

Ya ɗan yi tunani. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa tarko ya yi niyyar ɗanawa, yana da tabbacin za ta yi tsalle ta tona wa kanta asiri. Ya gyara murya.

"Sumayya, na fasa. Ba inda za ki. Ranar Litinin ki koma makaranta."

Yarinyar ta ware wata tsakuwa daga cikin waken ta jefar. Ya maimaita, ya ɗan ƙara murya. Ta sa bayan hannu ta share ido, ta ja hanci, ta ci gaba da tsinta. Maganar da take kwana tana tashi da fatan ji an faɗe ta sau biyu a bayanta, ko gezau.

Zulai, da ke leƙe ta ƙofar kicin, ta ce ba ta taɓa ganin jikin mijinta ya yi sanyi irin na ranar ba. Ya tsaya kamar an dasa shi. Serah ba ta ma dube shi ba. Can sai ya taka a hankali ya zagaya ta gaba. Yarinyar na ganin ƙafafunsa ta zabura ta kare kai da hannu, don ta ɗauka ya kira ne ba ta amsa ba. Ya durƙusa a kan tabarmar da babbar rigarsa ta Juma'a, ya karɓi farantin daga cinyarta ya ajiye, ya sauke mata hannun. Ya sake faɗin maganar, wannan karon tana kallon bakinsa.

"Baba, sake faɗa," in ji ta.

Ya sake.

Ranar Litinin shi ya kai ta asibiti da kansa, ya bar rumfa a hannun maƙwabci. Likita ya tabbatar zazzaɓin nan ya taɓa kunnuwan biyu. Na'urar ji ba ta zo da wuri ba, sai da aka yi watanni ana jira, Serah na sintiri a kan fayil ɗin har ma'aikatan suka fara ɓuya in sun hango lemarta. Kafin nan an mayar da Sumayya layin gaba, an ce wa malaminta ya daina magana yana fuskantar allo, malamar musamman kuma ta fara zuwa dominta.

Oga ya cika alkawari, ya kuma ba da izinin a sake bin makarantun benci. Aka sake samun wasu yaran, ba ɗaya ba ba biyu ba, duk masu takardar lafiya lau a gida. Daga nan aka bar awon benci. Tambayar da oga ya yi kuwa har yau ba ta sami cikakkiyar amsa ba: aikin ya koma tafiyar hawainiya, akwai makarantun da sai an shekara biyu ba a leƙa su ba, kuma akwai masu ganin Serah ce ta jawo. Ba ta musun haka. Takan ce dai ta gwammace ta gaya wa uwa ba a zo kan ɗanta ba tukuna, da ta ba ta takardar da za a doki yaro da ita. Da ta ga ba kowace makaranta ce ke da mai awara a bakin ƙofa ba, sai ta sa kafinta a Masaka ya yi mata kujerarta.

Kada mai karatu ya sa rai za a ce Sumayya ta zama likita. Ba ta zama ba, ba ta ma taɓa zuwa ta ɗaya a aji ba. Ta gama firamare, ta gama sakandare da sakamako daidai gwargwado, ta koyi kwamfuta. Yanzu tana wani shagon buga takardu a Gwagwalada, kuma ɗaliban jami'a layinta suke bi don ba ta cika kuskure ba. In shago ya cika da surutu takan rage na'urarta ta yi aikinta cikin kwanciyar hankali, abin da abokan aikinta ke cewa gatan da su ba su da shi.

Alhaji Datti ya tsufa, yana nan a rumfarsa. 'Yan kasuwa na tsokanarsa da cewa ba ya iya yi wa mutum magana daga baya, ko ɗan dako zai kira sai ya zagayo sun haɗa ido. Da aka gaya masa Malama Serah za ta ajiye aiki, ya tambaya ko tana da lafiya, ya sa mata albarka mai yawa. Sannan ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba.

"Mutane na ɗauka dukan ne ke damuna. Yana damuna. Amma akwai wanda ya fi shi. 'Yar fari ce, ka san al'adarmu, ba ka yaba ta a kan idonta. In na fito na gan ta tana shara ko tana goyon ƙanenta, sai na wuce ta bayanta nake cewa Allah ya yi miki albarka, a hankali. Kullum ina faɗa. Ashe shekara uku ba ta ji ko ɗaya ba. Abin da ke isa kunnenta daga bakina tsawa ce kawai."

Ya ce yanzu a gabanta yake faɗa, kunya ta yi haƙuri.

Malama Serah, 'yar Bartholomew, uwar yaran da ba ki haifa ba, mun gode. Ke ce kika zauna jiran jirgi ya wuce don kada a ɗora wa yaro abin da ba shi da shi, ke ce kuma kika ƙi karɓar labari mai daɗi sai kin tabbatar gaskiya ne. Ba ki gyara komai da komai ba, kin kuma sani. Amma akwai gida a Tungan Maje da ba a kai 'yarsu ƙauye ba, da wasu gidajen da ba mu san sunansu ba. Allah ya huta gajiya, ya ba da lafiyar cin fansho.

Ku kuma da za ku gaji jakarta, ku riƙa tambayar ma'auninku me yake aunawa kafin ku sa hannu, don takardar da kuka rubuta cikin gaggawa wani gida za ta kwana. Mu kuma da ke da yara a gida ko a aji, in muka kira ba a amsa ba, kafin hannu ya kai ga bulala mu daure mu zagaya ta gaba mu sake faɗa.